Ina Maginan Garinmu Suka Tafi?

Ɗan'uwa mai karatu, ɗaga kai ka dubi rufin ɗakin da kake zaune. Wa ya gina shi? Yana da rai? In yana da rai, akwai yaron da ya iya abin da ya iya?

Ka san yadda abin yake a ƙauyukanmu. An gama girbi, ka sayar da wake, ka ce bana sai ka yi wa iyali ɗaki. Ƙasa tana nan. Masu ɗebo ruwa suna nan. Masu kwaɓa ma ba su yi wuya ba. Amma magini gwani ɗaya ne, garuruwa uku suna jiransa. Ka kai masa goro, ya ce sai ya gama na wane. Ka koma, ya ce sai bayan salla. Kafin ya zo bazara ta kama, ruwan farko ya sauka a kan bangon da bai kai ƙirji ba. Ko kuwa ka gaji da jira, ka ba wanda bai ƙware ba, shekara biyu bango ya tsage.

Ba haka abin yake ba a da. Zo mu bi sawu, mu ga inda igiyar ta tsinke.

Yadda ake koyo a da

A zamanin kakanninmu gini iri biyu ne. Akwai wanda kowa ya iya: bukka, danga, ɗakin kara. Wannan aikin gayya ne, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maza su ɗora, mata su yi daɓe, a ci fura a watse. Akwai kuma soro, da zauren sarki, da masallacin Juma'a. Wannan sai magini. Sana'a ce kamar ƙira da jima da rini, kuma yawanci gado ce. A manyan garuruwa magina suna da sarkinsu. Sarkin magina shi ke karɓar aikin fada, shi ke raba shi, shi ke shiga tsakani in mai gida da magini sun saɓa.

Yaro ba ya fara da bango. Da jaki yake farawa, yana ɗebo ƙasa daga kududdufi. A nan zai koyi abu na farko, wato sanin ƙasa. Wadda yashi ya yi wa yawa marmashewa take yi. Wadda yumɓu ya yi wa yawa tsagewa take yi in ta bushe. Ba a faɗa masa wannan da baki sau biyu. Hannunsa ne zai gane.

Daga nan sai kwaɓa. A zuba ruwa, a sa ciyawa ko ƙaiƙayi, wasu su ƙara kashin doki, a tattake da ƙafa. A bar ta ta kwana, a juya, a sake bari, har ta yi danƙo. Sai dunƙula tubali. Tubalin da ba kamar na yanzu ba ne. Da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai a tsuke, a jera a rana ya bushe.

Ranar gini, maigidan yana bisa bango, ya hau shi kamar doki. Yaron yana ƙasa yana jefa masa tubali da curin ƙasa. Mai wucewa zai ce wahala kawai yake sha. A'a. Idonsa yana sama. Yana ganin yadda ake zaunar da tubali, yadda bango yake da kauri a gindi yana sirancewa in ya yi sama, da inda ake tsayawa a bar aikin yau ya sha iska kafin a ɗora na gobe. Wanda ya yi gaggawa a nan, bango zai tona masa asiri.

Sai ya yi ƴan shekaru a haka kafin a ba shi yaɓe. Sannan a koya masa makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa don ruwa kada ya ci bango. Sannan sa indararo, wanda mutane ke rainawa, alhali rufi da yawa a nan suke fara mutuwa. Sannan jera azara. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cinta da sauƙi. Amma tana da iyaka. In faɗin ɗaki ya wuce kamar metir 2, ba ta ɗaukar nauyin ƙasar rufi ita kaɗai. To, yaya aka yi manyan zauruka da babu ginshiƙi a tsakiyarsu?

Da bakan gizo aka yi su. Magini ya dasa azara a cikin bango ta ɗan sunkuyo. Ya ɗaura wata a kanta da igiya, ta zarce ta farko. Ya ƙara wata. A ɗaya gefen ma haka, har hannuwan biyu su gamu a sama. Sannan a lulluɓe da ƙasa, a ɗora tulluwa. Babu takarda, babu zane. Awon duk yana cikin ido da kamu. A nan ake sanin gwani, kuma a nan maigida ke jan rai. Ba kowane yaro yake nuna wa ba.

Kada mu yi wa zamanin da kwalliyar da ba tasa ba. Yaron ba shi da lada sai tuwo da riga, in maigidan mai kirki ne ya taimaka masa ranar aure. Wanda ba ɗan gida ba da wuya ya shiga. Wani maigidan ya riƙe sirrinsa har aka kai shi kushewa da shi. Aikin ganuwa kuma, ba duka da son rai aka yi shi ba. Akwai bayi a ciki, akwai talakawan da aka tara da umarnin sarki. Amma abu guda ya tabbata: duk inda ake gini, akwai yaro a gindin bango yana kallo.

Aikinsu bai ɓuya ba. Hasumiyar masallacin Agadas tsawonta metir 27, ƙasa ce zalla da itace. Tun wajen 1515 aka kafa masallacin, aka sake gina hasumiyar a 1844. Ka lura da itatuwan da suka fito daga jikinta. Suna riƙe ginin, kuma a kansu masu gyara ke takawa in za su sabunta yaɓe. Wato wanda ya gina ta ya san akwai masu zuwa bayansa, ya bar musu matakala. A Damagaram, Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa mai tsawo, har yau ana ganin guntayenta. A can kudu kuma, a Zariya, akwai Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani. Shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen 1840, kuma sarautar magina ta zauna a zuriyarsa.

Abin da ya raba yaro da maigidansa

Ba rana ɗaya aka yi ba, ba kuma abu ɗaya ba ne.

Nasara sun kama Damagaram a 1899. Suna son bariki, da gidan kwamanda, da kurkuku. Suka tara mutane da aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Wanda aka sa shi gini da bulala ba ya komawa gida yana sha'awar gini. A zamanin nan ne kuma tubali mai kusurwa huɗu ya bazu, wanda ake bugawa a cikin akwatin katako. Yana da sauri, yana da sauƙin jerawa. Ba laifi ba ne. Sai dai tun daga nan mutane suka fara ganin kamar kowa ma magini ne.

A 1926 aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka kai Yamai. A 1945 ruwan gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi, aka fitar da sabon gari a kan tudu, da tituna miƙaƙƙu. Kuɗin gyaɗa suka shigo, alhazai suka fara son gidan siminti da rufin kwano, wanda muke ce wa tol. Bayan mun sami mulkin kai a 1960, ma'aikatar siminti ta Malbaza ta fara aiki a 1966. A 1971 aka fara haƙar uraniyom a Arlit, kuɗi suka samu, aka shiga gina ofisoshi da lakkwal da gidajen likita, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit. Duk wannan yana son hannu. Ɗan kwangila kuwa kuɗi yake biya, ba tuwo ba.

Sa kanka a matsayin saurayi na lokacin. A gida za ka yi shekara bakwai kana jefa tubali. A birni za a ƙirga maka kuɗinka a tafin hannu. Wanne za ka zaɓa? Ni dai ban ga laifinsa ba.

Ga kuma wani ƙulli da ba a cika lura da shi ba. Yaushe ake ginin ƙasa? Da rani, daga girbi zuwa bazara. Yaushe samari ke tafiya bida? Da rani, daga girbi zuwa bazara. Lokacin da maigida zai hau bango, lokacin ne motar Abijan ko Legas ko Libiya ke tashi. Saurayi ya dawo da faɗuwar ruwa, ya yi noma, ya sake tafiya. Shi da maginin garinsu ba su taɓa haɗuwa a gindin bango ba.

Za ka ce ai a can ma aikin gini da yawansu suke yi. Gaskiya ne. Amma wane aiki? Ɗaukar bulo, haƙa rami, kwaɓa siminti. Ɗan kwangila sauri yake so, ba shi da lokacin koyar da baƙo. Mutum ya shekara biyar a haka, ya dawo da rediyo da agogo, amma ba a taɓa miƙa masa cokalin gini ba. Lebura ya tafi, lebura ya dawo. Ƴan kaɗan da suka dage suka ƙware kuwa, a birni suka zauna, don a can aikin yake.

Sai fari ya zo ya ƙarasa. Na 1973 da 1974, sannan na 1984. Itatuwa suka mutu, mutane suka sare abin da ya rage don su ci abinci. Giginya da goruba suka yi ƙaranci. Azara ta koma sai an ɗauko ta daga nesa, kamar wajen Gaya, da tsada, kuma sai da izinin ma'aikatan daji. Talaka ya daina sa a yi masa soro mai baka. To, magini a kan aiki yake koyarwa. In shekara goma ta wuce ba a ɗaure baka ko ɗaya a gari ba, a ina yaro zai gani?

Haka muka wayi gari tsakanin gini biyu. Na ƙasa, gwanayensa sun tsufa. Na siminti, gwanayensa suna birni. Abin da ya rage wa ƙauye shi ne mai rabin sani. Ka san aikinsa. Tushe bai kai ƙasa mai tauri ba. Buhun siminti ɗaya an ja shi ya buga bulon buhu biyu, ka murza da yatsa ya zube. Ko kuwa a shafe bangon ƙasa da siminti. Ranar farko sai ka ce gidan gwamna. Amma siminti da ƙasa ba sa riƙe juna. In ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, ba hanyar fita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka.

Shi ginin ƙasa ba ya son mantuwa. Kowace shekara yana son a duba shi kafin damina. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin nan na Zariya ya rufta ana cikin salla, mutane suka rasu. A watan Satumba na 2024, da aka yi ruwa mai yawan gaske, tsohon masallacin Birnin Damagaram ya faɗi, bayan ya yi fiye da shekara 150 a tsaye. A daminar nan gidaje dubbai suka zube a ƙasarmu. Ruwan ya wuce misali, ba mai musu. Amma in ka zaga gari bayan ruwa, za ka ga wani gida ya faɗi, na kusa da shi yana tsaye, ƙasarsu ɗaya.

Manomin Yama

Yanzu bari in kai ka wani ƙauye, don kada ka ce labarin duk na asara ne.

Yama tana ƙasar Illela, cikin jahar Tawa. A 1962 dattawan garin suka yi shawara su gina masallacin Juma'a. Ba su aika Yamai neman mai zane ba. Suka ba wani ɗan garin, Falke Barmu, manomi ne kuma magini. Kowa ya kawo abin da yake iyawa. Wasu suka buga tubali, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka kawo itace, masu hali suka ba da hatsi. Ginin farko ba shi da wani ado: ɗaki ne babba mai kusurwa huɗu, da ginshiƙai a jere suna ɗauke da rufi.

Falke ya tafi aikin hajji, ya ga gine-ginen wasu ƙasashe, ya dawo. A 1975 rufin masallacin yana son gyara. Bai mayar da shi yadda yake ba. Ya ɗaure bakuna tsakanin ginshiƙai, ya ɗaga tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kuma babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta.

Ƙirga da kyau: daga 1962 zuwa 1982 shekara 20 ke nan. Ga wanda ya saba da ɗan kwangila wannan jinkiri ne. Amma yaron da ya fara ɗebo ruwa a ginin farko, kafin a gama hasumiya ta huɗu ya zama magidanci, kuma ya ga tushe, ya ga baka, ya ga tulluwa da idonsa. Masallacin ya zama makaranta ba tare da an kira shi makaranta ba. Garuruwan kewaye suka riƙa kiran Falke da yaransa su yi musu irinsa.

A 1986 aka ba masallacin Yama kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine mafi kyau a ƙasashen Musulmi. A birnin Marrakesh na Maroko aka yi bikin. Ayyuka shida aka zaɓa a duniya a wannan karo. Ɗaya daga cikinsu gyaran masallacin Al-Aƙsa ne na birnin Ƙudus. Ɗaya kuma aikin manomin nan na Adar.

A wajen lokacin nan, wasu sun biyo wa matsalar ta wata hanya. Suka ce tun da itace ne ya yi wuya, a yi rufi ba itace. A 1980, a Cikal ta ƙasar Filinge, aka fara gwada wani gini da aka koyo daga mutanen Nuba na bakin kogin Nilu. Da ƙananan tubala ake yinsa. Ana jingina layin farko a jikin bango, na biyu ya jingina a kan na farko, har rufi ya rufe kansa kamar bayan kunkuru. Babu azara, babu tol. Wata ƙungiya mai suna Development Workshop ta ɗauki aikin koyar da shi. Ba a cikin aji ta koyar ba. A kan gini na gaske ake yi, sabon hannu kusa da tsohon hannu, wanda ya ƙware bana shi zai koyar baɗi. Magina ɗaruruwa suka koya, abin ya kai Mali da Burkina Faso. Ba ko'ina ya karɓu ba. Wasu sun ji tsoron kwana ƙarƙashin ƙasar da babu itace a cikinta, kuma in aka yi sakaci da yaɓen rufin yana da haɗari. Amma ya nuna ba sai ɗan gado ne kaɗai ke iya zama gwani ba.

Daga baya hukuma ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a a garuruwa da dama. Abu ne mai kyau. Yaro zai koyi awo da metir, da lissafin buhun siminti, da karanta zane, abin da kakanninmu ba su samu ba. Kai ma da ka shiga yaƙi da jahilci, yanzu kana iya rubuta yawan tubalin da aka buga maka, ba mai cutarka. Amma takardar shaida ba ta ɗaure baka. Dole yaron ya bi wani gwani rani bayan rani.

A nan ne ake cije wa juna har yau. Maigida ya ce: in na koya masa, da ya iya jera layi uku zai gudu, ya je ya karya mini farashi. Uban yaro ya ce: ɗana ba bawa ba ne, in babu lada gara ya tafi bida. A ganina kowannensu yana da gaskiya rabi. Koyo ba lada ya wuce, ba zai dawo ba. Abin da zai yiwu shi ne a zauna gaban mai gari ko liman, a yanka shekarun da yaro zai yi, da abin da za a riƙa ba shi, da ranar da za a sa masa cokali a hannu. A rubuta, tun da yanzu akwai masu rubutu a gari.

Saura labarin Dandaji, ita ma a jahar Tawa. Suna da tsohon masallacin ƙasa irin na Yama, daga hannun Falke da yaransa ya fito. Ya tsufa, ya yi wa jama'a kaɗan, har aka yi maganar rushe shi. Sai Mariyam Isufu, wadda aka sani da Mariam Kamara, ƴar ƙasarmu da ta yi karatun zanen gini, asalinta kuma daga garin ne, ta haɗa kai da wata abokiyar aikinta ƴar Iran, Yasaman Esmaili. Suka ce a gina sabo babba, mai ɗaukar mutum 1000, a bar tsohon a gyara shi.

Da aka zo gyaran, sai aka nemo maginan da suka yi aikin farko, aka sa su cikin ma'aikata. Su ne suka san yadda aka ɗaure ginin. Su kuma suka ga sabbin dabaru na kare bangon ƙasa daga ruwa, da tubalin jar ƙasa wanda ake matsewa da na'ura, wanda da shi aka gina sabon masallacin. An gama aikin a 2018. Tsohon masallacin ya zama gidan littattafai. Yaran lakkwal suna zuwa bitar darasi, an kuma tanadi ɗakuna inda manya, maza da mata, za su koyi karatu da rubutu kamar yadda kake koyo.